Ƙididdigar Masu Fatsa A Amurka: Yadda Samfur Da Matsakaici Ke Raba Arzikin Teku

A watan Agusta na shekarar 2023, sashen kula da kamun kifi na Hukumar Tekuna da Yanayi ta Amurka, wato NOAA, ya shaida wa jama'a cewa akwai alamun alƙaluman da yake bayarwa game da yawan fitar da masu kamun kifi na nishaɗi ke yi zuwa teku sun zarce gaskiya. Wani gwaji da sashen ya gudanar ya nuna cewa idan aka sauya jerin tambayoyi biyu kacal a takardar da ake aika wa gidaje, aka sa ta baya a gaba, ƙiyasin yakan sauko da kashi 30 zuwa 40 cikin 100. Wannan sanarwa ta tayar da ƙura a tsakanin kamfanonin kamun kifi da masu hayar jiragen ruwa da masu sayar da kayan su, domin kuwa da waɗannan alƙaluma ne ake yanke ranar buɗe kamu da ranar rufe shi, da su ne kuma ake raba wa kowane ɓangare kasonsa.

Ko da yake batun ya shafi wata ƙasa mai nisa, ɗan kasuwar da ke dogara da rahoton binciken kasuwa, ko na farashin kaya, ko na yawan masu saye, zai amfana da sanin yadda aka faɗa wannan rami. Dalili shi ne duk irin waɗannan rahotanni a kan ginshiƙai biyu ake gina su: ɗiban samfur daga cikin jama'a, da fitar da matsakaici daga abin da samfur ɗin ya nuna.

Su Wane Ne Masu Fatsa?

Waɗanda ake magana a kansu ba masunta ba ne da ke cin abinci da koma ko taru. Mutane ne masu wasu sana'o'in, da ke ɗaukar fatsa a ranakun hutu su tafi bakin ruwa, ko su shiga ƙaramin jirgi, don shaƙatawa. Sai dai yawansu da kuɗin da suke kashewa sun mai da abin babbar harka. Tun daga shekarar 1955 gwamnatin Amurka ke gudanar da wani babban bincike a kansu kusan duk bayan shekara biyar. Na shekarar 2016 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 35.8 masu shekara 16 zuwa sama ne suka yi kamun kifi, suka kuma kashe dala miliyan dubu 46.1 wajen sayen kaya da tafiye-tafiye da lasisi. Idan aka raba, kowane mutum ya tashi da kusan dala 1,290.

Binciken shekarar 2022 kuwa ya ba da mutum miliyan 39.9 da dala miliyan dubu 99.4. Wanda ya dubi alƙaluman biyu a gaggauce zai ce kasuwar ta ninka a cikin shekara shida. Amma hukumar da ta wallafa su da kanta ta yi gargaɗin kada a gwada na 2022 da na baya, saboda an sauya waɗanda suka gudanar da aikin, an kuma sauya hanyar tuntuɓar mutane. Ashe ke nan wani ɓangare na bambancin daga mudun awon ya fito.

Kamfanonin kamun kifi na kasuwanci suna da sauƙin sa ido, domin jiragensu ƙidayayyu ne, kuma dillalan da ke sayen kifin suna rubuta nauyin abin da aka sauke. Mai fatsa kuwa yakan jefa kifinsa a bayan mota ya tafi gida ba tare da ya bi ta kan sikeli ba. A 'yan shekarun nan NOAA na ƙiyasta fitar masu fatsa zuwa ruwan teku a kan kimanin miliyan 200 a shekara. Babu hukumar da ke da ma'aikatan da za su tare kowa, saboda haka dole a koma ga samfur.

Lissafi Mai Ƙafa Biyu

Duk mai sayen hatsi ya san hikimar samfur. Ba ya zazzage buhu ɗari don ya san ingancin masara. Yakan ɗebi kaɗan daga nan, kaɗan daga can, ya yanke hukunci. Ya kuma san cewa idan ya bar mai kaya ya zaɓar masa buhun da zai duba, ko ya tsaya ga abin da ke bakin buhu, to ya sayi asara da kuɗinsa. Wannan shi ne tushen ilmin ɗiban samfur: kaɗan na iya wakiltar mai yawa, muddin an san damar da kowane ɗaya ke da ita ta shiga cikin waɗanda aka ɗiba.

Tsarin da Amurka ta kafa a shekarar 1979 don ƙiyasta kamun masu fatsa a teku yana tafiya ne a kan bincike biyu. Na farko yana neman sanin sau nawa aka fita kamu. Na biyu yana neman sanin matsakaicin kifin da ake samu a kowace fita. Sai a ninka wannan da wancan, a sami jimlar abin da aka kama. An riƙa yin haka duk bayan wata biyu, jiha jiha, ana kuma ware masu tsayawa a gaɓa da masu jiragen kansu da masu shiga jiragen haya.

Don sanin matsakaicin kamu, ana tura ma'aikata zuwa wuraren da masu fatsa ke fitowa daga ruwa, su tambaye su, su ƙidaya kifin da ke hannunsu, su auna tsawo da nauyi. Masana kan kira irin wannan aiki binciken kwando, saboda kwandon da masu fatsa na da ke zuba kifi a ciki. Don sanin yawan fita kuwa, shekara da shekaru ana buga wa gidajen da ke gundumomin bakin teku wayar tarho ne, bisa lambobin da aka zaɓa ta hanyar ƙuri'a.

Haɗarin da ke cikin lissafin ninkawa a fili yake. Kuskure ƙanƙane a ƙafa ɗaya yakan zama babba a jimla. Idan fita miliyan 200 ce, aka kuma yi kuskuren kashi ɗaya cikin goma na kifi guda a matsakaicin kowace fita, an ƙara ko an rage kifi miliyan 20 a takarda.

Matsakaici Ba Iri Ɗaya Ba Ne

Abu na farko da mai karanta rahoto ya kamata ya tambaya shi ne wane irin matsakaici ake nufi. A ɗauka, alal misali, an tare masu fatsa goma. Shida ba su kama komai ba, biyu sun kama ɗai-ɗai, ɗaya ya kama uku, na ƙarshe kuma ya dace da 25. Jimla kifi 30 ke nan, idan aka raba wa mutum goma kowa ya sami uku. Amma idan aka jera su daga mai ƙaramin kamu zuwa mai babba, aka dubi na tsakiyar jeri, za a tarar hannunsa babu komai. Duka amsoshin biyu gaskiya ne, sai dai kowace da aikinta. Hukumar da ke son sanin jimlar kifin da ya bar ruwa tana bukatar ukun nan, domin shi ne idan aka ninka zai ba da jimla. Mai masaukin baƙi da ke son ya gaya wa baƙonsa abin da zai sa rai da shi, na tsakiyar jeri ne zai fi yi masa amfani. Irin wannan rabo, inda 'yan ƙalilan ke kwashe mafi yawan kifi, sanannen abu ne a kamun fatsa, shi ya sa rashin haɗuwa da gwani ɗaya, ko haɗuwa da shi, ke iya jujjuya sakamakon ƙaramin samfur.

Akwai kuma wani tarkon a wajen lissafin kamu na kowace awa. A ce mutum ɗaya ya yi awa 2 ya kama kifi 6, wato uku a awa. Wani ya yi awa 8 ya kama 4, wato rabin kifi a awa. Idan aka haɗa uku da rabi aka raba biyu, za a sami 1.75. Idan kuwa aka haɗa kifin duka, goma, aka raba da awannin duka, goma, za a sami 1. Wanda zai ninka wannan da awa 1,000 da aka shafe a tafkin zai sami ko dai kifi 1,750 ko kuma 1,000, gwargwadon hanyar da ya bi. Idan mutanen da aka tambaya sun riga sun gama kamunsu ne, hanya ta biyu ce daidai, domin ta farko ta ba mai awa biyu nauyi ɗaya da mai awa takwas. Ɗan kasuwar da ya sayar da buhu biyu da tsada, ya sayar da takwas da araha, ya san ba zai haɗa farashin biyu ya raba biyu ya ce shi ne cinikinsa ba.

Wa Ya Shiga Samfur?

Matsalar da ta fi girma ita ce ta waɗanda ake tararwa a bakin ruwa. Mutumin da ke zuwa kullum ya fi mai zuwa jefi-jefi damar haɗuwa da ma'aikaci. A ɗauka wani tafki na da masu fatsa 100. Casa'in daga cikinsu sau 2 suke zuwa a shekara, goma kuma sau 42. Fitar rukuni na farko 180 ce, ta na biyu 420, jimla 600, saboda haka matsakaicin gaskiya fita 6 ce ga kowane mutum. To amma ma'aikacin da ya tsaya a gaɓa, bakwai daga cikin kowane goma da zai tare daga rukunin masu naci za su fito. Idan ya tambaye su sau nawa suke zuwa, ya fitar da matsakaici kai tsaye, zai sami 30, ninki biyar na gaskiya. Babu wanda ya yi masa ƙarya a cikinsu. Mai shagon kayan fatsa da ya yi odar kaya bisa wannan adadi zai kwana da kayansa. Maganin abin shi ne a rage wa amsar kowane mutum nauyi gwargwadon yawan zuwansa, ko kuma a nemi wannan bayani ta wata hanyar da ba ta bakin ruwa ba.

Haka nan idan ma'aikaci yana zagaya tafki yana tambayar waɗanda ke tsakiyar kamu, masu daɗewa sun fi masu saurin tashi damar shiga hannunsa. Su kuwa waɗanda ke da madakatar jirgi a bayan gidajensu, ba sa bi ta wuraren jama'a sam, don haka ma'aikaci ba ya ganinsu, sai dai a ɗauka cewa kamunsu daidai yake da na sauran.

Ranaku ma ba ɗaya suke ba. A ce wata mai kwana 30 yana da ranakun aiki 22 da na hutu 8. An zaɓi huɗu daga kowane rukuni, aka tarar matsakaicin ranar aiki mutum 50 ne, na ranar hutu 200. Wanda ya haɗa kwanaki takwas ɗin ya raba zai sami 125, ya ninka da 30 ya ce mutum 3,750 suka zo. Lissafin da ya dace shi ne a ninka 50 da 22, a ninka 200 da 8, a haɗa, a sami 2,700. Wannan dabara ta kasa jama'a rukuni-rukuni, a ɗebi samfur daga kowanne, sannan a ba kowane rukuni nauyinsa na gaskiya, masanin lissafi ɗan ƙasar Folan, Jerzy Neyman, ya shimfiɗa ƙa'idojinta a shekarar 1934, kuma har yau a kanta ake tafiya.

Sannan akwai raunin tunawa. Kifin da ke cikin kwando ana iya ƙidaya shi, amma wanda aka kama aka mayar ruwa, sai abin da mai fatsa ya faɗa. An daɗe da lura cewa mutane sun fi son ambaton 5 ko 10 ko 20 a kan 7 ko 13. Wannan adadi yana da muhimmanci, domin wani kaso na kifin da aka saki yakan mutu, kuma ana lissafa shi a cikin abin da aka ci daga arzikin ruwa.

Girman Samfur Da Iyakarsa

Sau da yawa abin da mutane ke fara tambaya shi ne mutum nawa aka tambaya. Tambaya ce mai kyau, amma amsarta ba ta wadatar ba. Idan an yi zaɓen ta ƙuri'a tsakani da Allah, aka tambayi mutum 100 tambayar da amsarta i ce ko a'a, kuskuren da ake tsammani bai cika wuce maki 10 cikin 100 sama ko ƙasa ba. Da mutum 400 zai sauko zuwa 5, da 1,600 kuma zuwa 2.5. Ma'ana, kafin a rage kuskure da rabi sai an ninka samfur sau huɗu, kuɗin aikin ma haka. Abin mamaki kuma, wannan lissafi kusan bai damu da ko jama'ar dubu ɗari ce ko miliyan ɗari ba.

Wannan ya bayyana abin da ya sa ƙiyasin shekara guda na yanki baki ɗaya ke iya zama abin dogaro, alhali na jiha ɗaya a wata biyu, a kan kifin da ba a cika kamawa ba, ke iya tashi sama bana ya faɗo baɗi. NOAA na buga ma'aunin rashin tabbas a gefen kowane adadi, tana kuma jan hankali idan ya haura kashi 30 cikin 100, idan ya wuce 50 kuwa ba ta goyon bayan a yi aiki da adadin.

Sai dai wannan ma'auni na auna kuskuren sa'a ne kawai. Ba ya ganin kuskuren da ya samo asali daga barin wasu mutane a waje, ko daga tambayar da aka tsara ba daidai ba, kuma ƙara yawan samfur ba ya warkar da irin wannan. Amurka ta ga haka tun a zaɓen shugaban ƙasa na 1936, lokacin da mujallar Literary Digest ta tattara amsoshi sama da miliyan 2, akasari daga sunayen masu tarho da masu mota, ta ce Alf Landon zai yi nasara. Franklin Roosevelt ya lashe jihohi 46 daga cikin 48. George Gallup, da samfur wanda bai kai ko kusa da wancan ba, ya faɗi wanda zai ci daidai. Bahaushe ya ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Daga Tarho Zuwa Gidan Waya

A shekarar 2006 wani kwamitin masana na Majalisar Bincike ta Ƙasa ya duba tsarin 1979, ya ce akwai manyan kurakurai a yadda aka tsara shi. Dokar kamun kifi da aka sabunta a watan Janairu na 2007 ta umarci a gyara, ta kuma wajabta sa iyakar kamu ta shekara-shekara, abin da ya ƙara wa alƙaluman nauyi. A 2010 aka buɗe rajistar masu fatsa na teku ta ƙasa. A 2013 aka sake tsarin aikin bakin ruwa: aka shigar da kamun dare, aka yanka wa ma'aikata lokuta da wurare, aka hana su barin inda aka tura su don neman inda ya fi cika.

Binciken tarho kuwa zamani ne ya cim masa. Wayoyin gida kaɗai ake bugawa, alhali zuwa ƙarshen 2016 fiye da rabin gidajen Amurka wayar hannu kawai suke da ita. Waɗanda suka rage da wayar gida sun fi karkata ga dattawa. Masu amsawa sun ragu zuwa ƙasa da kashi 10 cikin 100. Bugu da ƙari, wanda ya ɗaga waya sau da yawa ba shi ne mai fatsar gidan ba, yakan ce babu wanda ya fita alhali akwai.

Saboda haka aka ƙirƙiro binciken wasiƙa. Ana zaɓar adireshi daga jerin gidan waya, a gwada da rajistar masu lasisi, a aika da takardar tambayoyi haɗe da dala 2 ta ihsani. Daga 2015 zuwa 2017 aka gudanar da hanyoyin biyu kafaɗa da kafaɗa, a 2018 aka ajiye tarho. Sakamakon ya girgiza kowa: ƙiyasin fitar masu jiragen kansu ya kusa ninka uku, na masu tsayawa a gaɓa ya ninka biyar ko fiye. Dole aka koma aka sake lissafin tarihin kamu na shekaru da dama bisa sabon mudu.

Shekara biyar bayan nan sai ga sanarwar 2023. A lokacin, takardar tana fara tambayar sau nawa mutum ya fita a wata biyun da suka wuce, sannan ta tambayi na wata goma sha biyu. Masu binciken sun fahimci cewa mai son kamun kifi ba ya jin daɗin rubuta sifili, don haka yakan jawo fitar da ya yi a watannin baya ya zuba ta cikin wata biyun. Da aka fara da tambayar shekara, ya sami inda zai nuna cewa shi mai fatsa ne, sai amsar wata biyu ta sauko. A 2024 hukumar ta gudanar da gwaji mafi faɗi don tantance girman gyaran da ake bukata.

Abin Da Ke Kan Sikeli

Inda aka fi jin raɗaɗin wannan lamari shi ne Mashigin Tekun Meziko, mai iyaka da jihohin Teksas da Luwiziyana da Misisifi da Alabama da Fulorida. Akwai wani jan kifi mai daraja a can da ake kira red snapper, wanda aka raba kasonsa kashi 51 ga 'yan kasuwa, 49 ga masu nishaɗi. Da yake ƙiyasi na nuna masu fatsa suna zarce kasonsu, sai aka riƙa taƙaita lokacin kamu a ruwan tarayya, har ya zama kwana 9 a 2014. A 2017 kwana 3 kacal aka fara sanarwa ga masu jiragen kansu, kafin Ma'aikatar Ciniki ta ƙara kwanaki bayan ƙorafi ya yi yawa. Kowane kwana da aka rage ciniki ne ya tafi ga masu sayar da mai da ƙanƙara da abincin tarko da masu masauki. Luwiziyana ta kafa nata binciken a 2014, sauran jihohi ma suka bi da nasu, lamarin da ya haifar da sabuwar wahala ta daidaita mudu daban-daban.

Wani kifin, red grouper, ya nuna yadda sauya hanyar ƙidaya ke sauya rabon dukiya. Ana raba kaso ne bisa tarihin abin da kowane ɓangare ya kama. Da aka sake lissafin tarihi da alƙaluman wasiƙa, sai kamun masu fatsa na baya ya kumbura. A 2022 aka rage kason 'yan kasuwa daga kashi 76 zuwa 59.3, na masu nishaɗi ya tashi daga 24 zuwa 40.7. Kamfanonin kamun kifi suka garzaya kotu. Shekara guda bayan fara aiki da sabon rabon, hukumar ta bayyana shakkunta a kan binciken da aka gina shi a kai.

Tafkin Kainji Da Irin Wannan Lissafi

Wannan lissafi mai ƙafa biyu ba baƙo ba ne a Nijeriya, ko da yake a nan masunta ne masu neman abinci ake ƙidayawa. Bayan kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, an yi amfani da shi a tafkin da ya ratsa jihohin Neja da Kebbi na yanzu, da farko tare da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, daga bisani kuma a shekarun 1990 ƙarƙashin wani shirin haɗin gwiwa na Nijeriya da Jamus, tare da Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke New Bussa. Ana fara ƙidaya ƙauyukan masunta da kwalekwale da kayan su. Sannan a zaɓi wasu ƙauyuka da wasu ranaku a auna abin da aka sauke, a fitar da matsakaici ga kowane irin kayan kamu, a ninka.

Tarkunan da aka zayyana a sama duka suna nan. Idan ma'aikaci ya tsaya ga ƙauyukan da mota ke kaiwa, ko ya fi zuwa ranar kasuwa, ko ya haɗa mai taru da mai birgi a matsakaici ɗaya, jimlar za ta karkace. Idan masunta suka yi ƙaura bayan an gama ƙidayar kwalekwale, ginshiƙin lissafin ya tsufa. Mai niyyar gina ɗakin sanyi, ko bankin da zai ba da rance ga dillalan banda, yana da haƙƙin sanin yadda aka samo adadin da aka nuna masa.

Tambayoyin Da Suka Kamata

Daga abin da ya gabata, akwai tambayoyin da ya dace mai zuba jari ya yi kafin ya amince da kowane rahoton bincike. Daga wane jeri aka zaɓo waɗanda aka tambaya, su wa kuma ba sa cikin jerin? Ƙuri'a ce ta zaɓe su, ko ma'aikaci ne ya tare wanda ya fi kusa? Nawa aka nema, nawa suka amsa? Matsakaicin da aka bayar na rabon jimla ne ko na tsakiyar jeri, an kuma ba kowane rukuni nauyinsa? Abin da aka rubuta an gani an auna, ko daga tunanin mai amsa ya fito, na tsawon wane lokaci? Idan ana gwada bana da bara, da mudu ɗaya aka auna su?

Kamfanin bincike na ƙwarai ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, yakan ma buga amsoshinsu a ƙarshen rahotonsa. Wanda ya kawo adadi tsirara, babu bayanin hanya babu ma'aunin kuskure, sai a nemi ya kawo su kafin a sa hannu a takardar rance ko ta odar kaya.